Gashe Asmamaw da Furen Bakin Kura

Tun raɓar da ta daskare a kan ciyawa ba ta narke ba, Asmamaw Belete, wanda muke kira Gashe don girmamawa, yake zama a ƙofar ɗakinsa da igiyar fata a cinya. Yana bin ta da yatsu taƙi bayan taƙi, yana shafa mata man shanu, yana lanƙwasa ta kusa da kunnensa. In wani wuri ya yi masa ƙarar busasshiyar fata, to ranar ba inda za shi. In igiya ta yi shiru, sai matarsa Yeshareg, wadda ita kuma muke kira Itiye, ta kawo masa gahawa da soyayyen sha'ir. Gahawar kawai yake sha. Sha'irin a aljihu yake zubawa, don ranar da zai sauka da igiya ba ya cin abinci. Daga nan su kama hanya, shi a gaba da igiya a kafaɗa, ita a baya da tulun ruwa. Su tsaya ya sumbaci bangon coci, su ratsa gonakin sha'ir, su wuce garken birai masu jan ƙirji da ke tsigar ciyawa, har su iso Bakin Kura. Haka muka tashi muna ganinsu sama da shekara talatin.

Duk wanda aka haifa a wannan gefe na duwatsun Semen ya san Bakin Kura. Ƙasa ce ke tafiya lafiya lau da ciyawarta da itatuwan asta, sai kawai ta ƙare. In ka kwanta rub da ciki ka leƙa, bayan mikiya za ka gani tana shawagi a ƙasa da kai. In ka jefa dutse ba ka jin saukarsa. A jikin wannan gaɓa, can ƙasa inda rana ba ta cika kaiwa ba, akwai wani ɗan dandamali da bai fi faɗin tabarma ba, ruwa na tsattsafowa daga dutsen da ke bayansa rani da damina. A nan furen yake. Masu karatu suna kiran shi primula. Ganyensa kamar an barbaɗa masa gari, furen kuma ruwan ɗorawa ne, hawa-hawa a jikin kara guda. Ba ya yarda da gona, ba ya yarda da tukunya. Sai jiƙaƙƙen dutse, sai inuwa, sai inda akuya ba ta kaiwa.

Ba son fure ne ya fara kai Asmamaw wurin ba. Yana saurayi, shi da yayansa Derbew suna sauka gaɓa yankan ciyawar jinka, har ranar da dutse ya ɓalle a ƙarƙashin ƙafar Derbew. Ba a sami mai sauka neman gawa ba sai ƙanen. A hanyar saukar ne ƙishirwa da gajiya suka tsayar da shi a kan dandamalin, ya lashi ruwan dutsen, ya ga furen a daidai fuskarsa. Da aka binne Derbew ya rantse ba shi ba gaɓa har abada. Ya yi shekaru ko hanyar Bakin Kura ba ya bi.

Sai wata mata mai binciken tsirrai ta zo ƙauyenmu tana tambayar furen. Ta ce ta bi gaɓoɓi da yawa inda aka taɓa ganinsa, ta tarar ruwan ya ƙafe, furen ya tafi, saboda an sare itatuwan astan da ke sama masu riƙe ruwa a ƙasa. Kowa ya nuna mata gidan Asmamaw. Ta roƙe shi ya koma sauka gaɓar ya kula da furen. Ya ce mata a'a, ya sake cewa a'a. Itiye Yeshareg ce ta tuna masa cewa ruwan da ke tsattsafowa a dandamalin nan shi ne yake fitowa a idon ruwan da mutanen ƙasan kwari suke sha, kuma 'yarsu Wubalem can take aure. Rana ta uku ya ce a nemo masa fatar bijimi a yanka masa igiya.

Daga nan aka ɗauke shi gadin daji, aka ba shi gaɓar da itatuwan da ke kanta. Aikin da aka ba shi tsare itatuwa ne. Saukar kuwa shi ya ɗora wa kansa. Yana sauka ya kwashe tsakuwar da ta zubo kan tsirran, ya cire ciyawar da ke shaƙe su. In fure ya bushe ya tara irinsa, mai ƙanƙanta kamar ƙura, a 'yar jakar da yake ratayawa a wuya. Sai ya cuɗa irin da laka, ya bi wasu jiƙaƙƙun tsagogi a gaɓoɓin da furen ya ɓace, ya cusa da ɗan yatsa. Mafi yawa ba sa fitowa. Wasu sun fito.

Kada wani ya ce muku tsoro ya taɓa barin mutumin nan. Mun sha ganinsa a bakin gaɓa, ya gama ɗaure igiya a gindin tsohuwar asta, ya sake komawa yana duba ƙullin sau biyu sau uku. Itiye Yeshareg ta ce bai taɓa juya wa kwarin baya ya fara sauka ba sai da leɓensa ya yi fari. Ita ce mai sakar masa igiya a hankali ta bayan itacen, ita ce kuma mai zama ita kaɗai a sama, hannunta a kan fata, tana jin motsinsa kamar yadda ake jin motsin ɗa a ciki. In igiyar ta daɗe ba ta motsa ba, takan ce numfashinta ma tsayawa yake.

A sama ma bai tsira ba. Sanyin nan namu ba ya jin magana, kuma asta ita ce itacen wuta. Ya hana 'yan'uwansa na jini sara, an zage shi a kasuwa, an ce ya fifita ciyawa a kan 'ya'yan mutane. Wani ya taɓa yi masa barazanar cewa igiya ai wuƙa ɗaya ce. Tun daga ranar Itiye Yeshareg ba ta ƙara barin gindin itacen ba ko don kama ruwa. Shi kuwa bai kai ƙarar kowa ba. Ya riƙa tara busassun rassa da kashin shanu yana kai wa gidajen da suka fi zaginsa.

Kai ne, Gashe, ka kai itacen wuta ƙofar wanda ya ce zai yanke maka igiya, ka ajiye, ka gaishe shi, ka tafi. Ɗan Belete, ƙanen Derbew, mai sauka inda akuya ta ƙi.

Abin da ba za mu manta ba shi ne ranar gobara. Ƙarshen rani ne, ciyawa ta bushe ƙayau. Har yau ba a san wanda ya kunna wutar ba. Da safe hayaƙin yana can nesa, iska na kora shi gabas, shi ya sa Asmamaw ya ce zai sauka ya kwaso iri tun kwanson bai fashe ya zubar ba. Yana kan dandamali iska ta juya.

Itiye Yeshareg ta ce biran ne suka fara sanar da ita. Garke guda suka zo a guje suka wuce ta gefenta, suka faɗa gaɓa suna kuka. Da ta waiga sai ta ga wuta ta tsaya tsawon mutum tana cin ciyawa tana tahowa. Ta girgiza igiya, ta ƙwala masa kira ya hau. Amma hawan nan ba na gaggawa ba ne, kuma ta ga ko rabi ba zai yi ba wuta za ta iso itacen. Ta cire gabinta, mayafin audugar nan mai kauri, ta tsoma a tulu, ta shiga dukan wuta a kewayen gindin asta. Ta juye sauran ruwan a kan ƙullin igiyar. Rassan sama suka kama, garwashi na zubo mata a ka. Da ruwa ya ƙare ta ci gaba da kashe wutar da tafin hannu.

Sai ta gane igiyar ba za ta tsira ba, ta kuma gane abin da ya fi wannan muni. Igiyar fata mai wannan tsawo nauyi gare ta, kuma tana ɗaure a ƙugunsa. In ta tsinke daga sama, za ta fizge shi ne su tafi tare. Ta kwanta a bakin gaɓa cikin hayaƙi ta yi kira da duk ƙarfinta.

"Uban Wubalem, kwance igiyar daga jikinka. Kwance ta yanzu."

Ya gaya mana daga baya cewa ya ji ta sarai, amma hannunsa ya ƙi. Mutumin da ya ga yayansa ya faɗi a wurin nan, a ce masa ya kwance abin da ke riƙe da shi. Ya ɗaga kai bai ga komai ba sai hayaƙi da tartsatsi. Ya ce mata ba zai iya ba.

"Na taɓa yi maka ƙarya a kan igiyar nan? Kwance, na ce."

Ya kwance. Ya cusa hannuwansa biyu cikin tsagar dutse, ya manna ƙirjinsa da gaɓa. Bai gama addu'ar da ya fara ba igiyar ta zo ta wuce ta bayansa da ƙugi, bakinta na hayaƙi, ta tafi ƙasa. Bai ji saukarta ba.

Itiye Yeshareg ta ratsa ta inda wuta ta riga ta cinye, ta iso ƙauye da ƙonannun hannuwa. Maza suka fito da duk igiyar da ke gari, amma wuta da hayaƙi suka hana kowa kusantar bakin gaɓa har wayewar gari. Duk tsawon wannan lokaci Asmamaw na tsaye a wuri mai faɗin tabarma, tushen ciyawa masu ci da wuta na faɗowa ta gefensa. Ya ce fuskarsa ya binne cikin jiƙaƙƙen gansakuka a tsakanin ganyen furen, ta nan yake jan numfashi. Bai yarda ya zauna ba, don ya san in ya zauna barci zai ɗauke shi.

Da safe Endalew magini ya kafa turaku a cikin toka, aka ƙuƙƙulla igiyoyin alfadarai, aka zura. Da aka ja shi sama ba ya iya tsayawa, yatsunsa sun ƙage kamar har yanzu suna cikin dutse. Ya ga matarsa da hannuwa naɗe da tsumma, ya tsura wa hannuwan ido. Ita kuwa jakar wuyansa ta duba.

"Irin yana ciki?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka taimaki kanka. Da ka bar shi can, da yanzu na ce su mai da kai ka ɗauko."

Mutane suka yi dariya, wasu suna share ido. Mun ɗauka shi ke nan, an gama da Bakin Kura. Amma ruwan farko na sauka ya kwashi toka da laka ya zuba a kan dandamalin, ya binne tsirran. Asmamaw ya sa aka yanka masa sabuwar igiya. Ya sauka yana kwashe lakar da hannu, mafi yawan tsirran sun ruɓe, ya shuka irin da ke jakar nan a gurbinsu. Itiye Yeshareg, da yatsunta ba su ƙara dunƙulewa daidai ba, ta koma naɗe igiyar a ƙugunta ta bayan turke. Sai da aka yi damina uku kafin ruwan ɗorawa ya sake bayyana a jikin gaɓar.

Bana gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara dishi-dishi, ya ajiye aiki. Aka yi masa taro a harabar coci, aka ci wainarmu ta injera, aka sha giyar sha'ir. Abba Mekuria limamin cocinmu ya ɗora igiyar a kan tabarma ya tambayi wanda zai ɗauka. Kowa ya sunkuyar da kai cikin ƙoƙonsa, har da mai wannan rubutu. Itiye Yeshareg ta ce ita riƙon igiya har yanzu tana iyawa, mai sauka ne ba ta da shi. Sai Endalew magini, mutum mai furfura a gemu da 'ya'ya a gida, ya miƙe yana cewa shi fa ko rufin coci in ya hau jiri yake gani, amma zai gwada sau ɗaya.

Ya gwada a makon da ya wuce. Gashe Asmamaw na kwance rub da ciki a bakin gaɓa yana gaya masa inda zai sa ƙafa. Da Endalew ya dawo sama, ya rarrafa gefe ya yi ta amai, sannan ya share baki ya ce furen ya fito da yawa a tsagar hagu, amma akwai dutsen da ke shirin faɗo wa tsirran, sai an koma. Tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Wannan ya yi. Wanda ya hau yana dariya ba na ba shi igiyata."

Mun gode, Gashe Asmamaw. Kai ne ka ji tsoro kullum, ka kuma sauka kullum. Mun gode, Itiye Yeshareg, da hannuwan da kika bayar. Mutanen ƙasan kwari da ke shan ruwan nan ba su san sunanku duka ba, to ga shi mun faɗa musu. Ku kuma jama'a, ba kowa ne zai iya sauka ba, amma kowa na iya barin asta ta tsaya, kowa na iya kashe wutarsa kafin ya bar daji. Endalew zai koma ranar Talata, kuma hannun tsohuwar nan ya gaji. Ana neman wanda zai zauna kusa da ita a gindin turke ya koyi riƙo.