Yadda Na Sayar da Sunan Turaren Dije

A unguwar Sa'alaba aka haife ni, a Jidda. Kakana ya zo aikin Hajji bai koma ba. Na taso yaro mai wayo, har na tsinci Turanci a bakin ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Da na girma na zama mu'aƙƙibi, wato mai bi wa mutane takardu a ofisoshi. Ana yabona a unguwa, ni ma ina jin kaina.

Ɓarnata da kaɗan ta fara. In aka aiko ni sabunta iƙama, takardar izinin zama, sai in ɗora wani abu a kan kuɗin, in ce hukuma ce ta ƙara. Ba wanda ya taɓa tambaya. Daga nan na koma karɓar aikin da na san ba zan yi ba. Kunyar da nake ji da farko ta yi ta raguwa har na neme ta na rasa.

Akwai maƙwabciyarmu Hala Rabi, wato gwaggo Rabi a Larabcinmu, ƙawar mahaifiyata, wadda na ci tuwonta ba adadi. Turaren wuta take haɗawa, sana'ar da ta gada wajen mahaifiyarta. Tun tsohuwar na da rai alhazai suka sa masa suna Turaren Dije, haka kuma aka buga a jikin kwalba. Amma Hala Rabi ba ta taɓa faɗin sunan nan ba, don ɗiya mai kunya ba ta kama sunan uwarta. "Na Inna" take cewa, ko ta nuna kwalbar da yatsa.

Masu umara daga Tirinidad, wani tsibiri a yankin Karebiyan, suka ƙwallafa rai a kan turaren. Suka ba ta shawara ta riƙa aika musu da katan-katan, amma ta fara yi wa sunan da tambarin rajista a ƙasarsu, kada wani ya riga ta. Ta kira ni ta ce, "Ya waladi, kai ne mai Turanci. Ka tsare mini na Inna." Na ce, "Halas, shi ke nan, Hala, ki ɗauka an gama."

Na bincika, na ga sai an ɗauki lauya a can, a duba ko wani na da sunan, a shigar da buƙata, a jira watanni ko wani zai yi jayayya. Na ce wa raina, tsibirin da ko a taswira sai an ƙura ido, wa zai je ya duba? Na cinye kuɗin da ta ba ni, na haɗa takardar shaida a kwamfuta har da hatimi mai ruwan zinare. Ta sa aka yi mata gilashi ta rataye a shago, tana nuna wa kowa tana sa mini albarka.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Wani ɗan kasuwa daga tsibirin ya neme ni a waya, yana so ya san ko da gaske an yi rajistar. Ya yi mini tayin kuɗi, na karɓa. Na gaya masa ba a yi ba, na kuma tura masa hoton tambarin. Ya je ya yi rajistar da sunansa.

Da kayan Hala Rabi suka isa can, aka tsare su a tasha, wai jabu ne. Matar da ta koyi haɗin a gindin uwarta, ita aka kira mai kwaikwayon kayan wani.

Asirina ya tonu, aka kama ni aka gurfanar a Jidda. A kotu na kasa ɗaga kai. Alƙali ya tambaye ta wane suna ne aka sace. Ta nuna kwalbar. Ya ce a'a, ta faɗa da bakinta a rubuta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, sannan ta ce, "Dije." Tsohuwa mai jikoki, a gaban maza baƙi. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Na yi shekaruna a kurkuku. Ba zafi ko cunkoso ne suka fi damuna ba, muryar nan tata ce. A can na koma ga salla, na tuba. Da na gama aka kai ni tarhil, inda ake tara baƙin da za a kora, aka sa ni a jirgi zuwa Kano, garin da ban taɓa gani ba. Yanzu dako nake a kasuwa, ina cin gumina.

Bara wani alhaji ya kawo mini ƙunshi daga mahaifiyata. Kwalbar turare ce, ƙamshin nan dai da na sani, amma jikinta fayau ba rubutu. Mahaifiyata ta ce Hala Rabi ta yafe mini, sai dai ta cire sunan daga kwalabenta duka, ta ce ba za a sake jan Inna a kotu ba.

Matasa, ku ji tsoron ɗan ƙarin nan na farko da ba wanda zai gani. In aka ba ku amana, ku yi aikin ko ku ce ba za ku iya ba. Ni na zaci kuɗi na ci, ashe sunan uwar mutane na sayar. An yafe mini, amma har yau ban iya kunna turaren nan ba.