Riga Mai Lamba Huɗu

Shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar Isiyaku, abokina, kuma har yau in na ji ƙarar ƙwallon kwando a kan siminti shi nake fara tunawa.

Mun haɗu a kwalejin horar da malamai, nan kudancin Kano, cikin shekarun saba'in. Mu goma ne a ƙungiyar ƙwallon kwando, riguna kuwa biyar. Don haka canjin ɗan wasa a wurinmu ba ɗaga hannu ba ne: wanda zai fita sai ya tuɓe rigarsa a bakin fili, jiƙe da gumi, ya miƙa wa mai shiga. Ni ne kyaftin, mai lamba huɗu. Isiyaku shi ne mai jiran rigata. Shekara biyu yana kan benci, har ya san kowace ƙusa da ke jikinsa. Yakan ce in aka ba da takardar shaidar zama, shi zai zo na ɗaya.

Mahaifinsa, Malam Haladu, manomi ne da ruwan madatsar Tiga ya cinye gonarsa. Aka tashe su, ya koma kamun kifi da tsufansa, yana buƙatar hannu. Isiyaku ya yi ta lallashinsa da cewa kwaleji na ji da shi, har wasa yake mata. Tsohon ya ce zai zo ya gani da idonsa. In ba haka ba ne, su koma gida tare.

Isiyaku ya gaya mini wannan tun ana saura kwana uku. Na ce kada ya damu.

Ranar wasanmu da wata kwaleji, Malam Haladu ya zo a bayan akori-kura da ƙunshin bandar kifi, tsaraba ga 'yan wasa. Ya tsaya a rana, ya ƙi kujera. Saura minti biyar a tashi, muna gaba da maki biyu, malamin wasanni ya kira ni.

"Lawan, ba Isiyaku rigar."

"Malam, a bari mu tsallake wannan."

Malamin ya dubi agogo, ya dube ni. Isiyaku ya riga ya cire tasa ta gida, yana tsaye ba riga a gaban mutane, hannu a miƙe. Na juya na koma fili. Mun ci wasan. An ce na yi ƙoƙari.

Bayan an tashi, tsohon ya gaisa da malamai cikin mutunci, ya miƙa kifin, sannan ya dubi ɗansa.

"Ashe zama kake yi."

"Baba, yau ne kawai."

"Zama kuwa akwai shi a gida. Ɗauko akwatinka."

Mun ci kifin nan, har da ni.

Isiyaku ɗan manomi ne, bai taɓa koyon iyo ba. Babu wanda ya koya a garinsu, don da can babu ruwa a wurin. Damina ta biyu iska ta kifar da kwalekwalensu. Sai bayan kwana biyu aka same shi. Allah ya jiƙansa. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun gaya mini, ni ma na gaya wa wasu. Amma sanin bai taɓa cire mini rigar nan ba.

Kwanan baya na je kallon wasan jikana. Riguna goma sha biyu, kowa da sunansa a baya. Yara biyar dai su suka yi wasan, sauran suna benci cikin riguna masu ƙamshin sabulu. Da Isiyaku na nan, ina jin cewa zai yi an samu ci gaba: yanzu mutum yana zaman banza cikin kayan aiki.

Da na zama shugaban makaranta, na kafa doka: duk wanda ya zo atisaye sai ya shiga fili, ko ana cinmu. Mun rasa kofuna da dama. Masu son nasara suka ce ban san wasa ba, iyayen 'yan benci suka ce ni adali ne. Duka biyun sun yi kuskure.

Isiyaku bai bar ɗa ba, bai bar hoto ba, kofin da muka ci a waccan shekarar ma ban san inda yake ba. Abin da ya rage nasa shi ne hannun nan a miƙe. Na gwada da agogo ba sau ɗaya ba: tuɓe riga, ko ta jiƙe, ba ya wuce daƙiƙa huɗu.