Marsi a Kasuwar Argungu

A hutun da zan shiga kwaleji ne Inna ta tafi da ni Argungu, sunan jaririn ƙanwarta da ke aure can. Ban taɓa ƙetare iyaka ba sai ranar. Tun daga Tibiri ta yi mini alkawarin jakar makaranta, don an ce a Najeriya sun fi araha, tawa kuma hannunta ya tsinke har na gaji da ɗinki.

Washegarin suna muka shiga kasuwa. A bakin ƙofa Inna ta kama hannuna ta matse.

"Ki rufe bakinki. In suka gane daga Nijar muke, sai sun ninka kuɗin. Suna cewa sefarmu ta fi nairarsu ƙarfi."

Rufe baki bai taɓa yi mini wuya ba. Na bi bayanta ina kallo. Tattasai irin namu ne, masu saye da sayarwa ma kamar a kasuwar Dogon Dutsi, Hausa guda muke ji. Takardun kuɗin ne kawai daban, duk sun yi laushi kamar tsumma.

Na hango wata jaka rataye a rumfar wani dattijo mai jan gemu. Shuɗiya ce, aljihunta uku, da ɗan raga a gefe inda ake sa gorar ruwa. Na ja mayafin Inna. Ba ta dube ni ba, sai ta fara taya wata baƙa da ba ma so, ta kushe ɗinkinta, sannan ta nuna shuɗiyar kamar ba da gangan ba.

"Waccan hwa, Alhaji?"

Ya faɗi kuɗi. Inna ta yi dariya ta taya rabi.

"Albarka, Hajiya. Ko ni ban saye ta haka ba."

"To bar ta ta kwana nan, rana ta cinye launin."

Sau biyu muka juya kamar za mu tafi, sau biyu yana kiranmu. Daga ƙarshe ya sauko da ita, ya kaɗe ta da tafin hannu.

"Na sallama, don ɗiyar ga. Karɓi, ƴar boko."

Ya miƙo mini. Tana warin sabuwar roba. Na rungume ta, na ɗan durƙusa kamar yadda aka koya mana a makaranta, na yi masa godiya da Faransanci, na ce, "Marsi."

A hankali na faɗa, amma ya ji. Inna tana kwance bakin zanenta za ta ciro kuɗi, hannunta ya tsaya.

"Mi ta ce? Marsi?" Ya ɗaga murya wajen maƙwabcinsa mai takalma. "Kai, zo ka ga Faransawa! Tun ɗazu suna wahal da ni, ashe masu sefa na!"

Mai takalma ya leƙo yana dariya. "Bonju, madam!"

"Alhaji, ka sallama," in ji Inna. "Da bakinka ka sallama."

"Wa ƴar gida na sallama. Ku ƙara, ko ku aje."

Inna ta dube shi. Uwarta a wani ƙauye kusa da Argungu aka haife ta, amma ba ta faɗa masa ba. Ta zare jakar daga ƙirjina, ta ajiye masa a kan tabarma.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Da muka kai layin masu albasa sai ta tsayar da ni jikin wani turke.

"Tsaya nan. Kada ki biyo ni. Ko kin gan ni, ba ki san ni ba."

Daga nan na hango ta a wata rumfa tana ciniki ita kaɗai, tana dariya da mai kayan. Wata mai albasa ta tambaye ni ɗiyar wa ce, ko ɓata na yi. Na girgiza kai kawai, don ban san wace kalma za ta sake fita ba.

Inna ta dawo da wata jaka ruwan ƙasa mai aljihu ɗaya, cikin baƙar leda. Ba ta miƙo mini ba sai da muka fita kasuwar, muka sha kwana.