Abin da Tasi'u Ya Nuna wa Inna Hure

Da hantsi za ka ga Malam Tasi'u ya ɗaure kyamararsa a bayan keke, ya bi burtali zuwa ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Kunci. Abincinsa ɗaukar biki ne da suna da walimar saukar karatu. Amma tun shekarun da tsadar rayuwa ta kori samarinmu zuwa Agadas da Libiya, ya ɗora wa kansa wani aikin da ba wanda ya sa shi, wato ɗaukar gidajen da aka tafi aka bari. Yakan kafa kyamara a bakin zaure, ya koma gefe ya yi shiru. Ba kiɗa, ba bayani. Ƙofa ce kawai, da akuya tana wucewa, da ƙarar turmi daga cikin gida. Sai ya tura wa mai gidan can inda yake.

Ranar da ya fara haska irin wannan a zauren mai unguwa, wani dattijo ya gaji da kallon ƙofa, ya ce, "Tasi'u, injin ne ya maƙale ko kai ne?" Aka yi ta dariya. Daga baya wani ɗan garinmu mai aikin gini a Libiya ya aiko cewa daga jin turmin ya gane dakan yayarsa ne, ya ajiye cebur ya zauna.

Wannan duk sananne ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Inna Hure.

Ɗanta Badaru ya tafi, damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, babu labari. Ta hana kowa taɓa gonarsa, ta ce shi zai zo ya shuka. Gona ta zama saura a lokacin da hatsi ya fi ƙarfin talaka, ga 'ya'yansa ƙanana, ga matarsa Luba a zaune, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Sai Kamilu, abokin tafiyarsa, ya dawo. Ya ce motarsu ta lalace a sahara, ƙishirwa ta kashe Badaru, shi da hannunsa ya tura masa ƙasa. Inna Hure ta ƙi yarda. Ta ce an taɓa zaman makokin wani a Kunci, ya dawo da ƙafarsa ya iske an raba kayansa.

Ashe Kamilu ya ɗauki komai a wayarsa don shaida, har da halin da Badaru ya shiga kafin ya cika, har da gawar. Ya kasa nuna mata, ya kai wa Tasi'u. Dangi suka rabu biyu. Wasu suka ce a nuna mata duka, ta gani da idonta a huta. Wasu suka ce wannan kisan tsohuwa ne, a bar ta da fatanta.

Tasi'u bai bi kowa ba. Luba ce ta ba ni labari, domin tana ɗakin. Bayan azahar ya zo tare da Kamilu, ya saki labule, ya haska a bango. Ga Badaru da ransa a inuwar mota, yana taimama da yashi, a hankali, kamar yadda aka koya masa. Daga nan sai hoton ya koma kan wani tudun yashi da aka jera wa duwatsu. Tasi'u ya tsayar da shi a nan. Bai kashe ba. Luba ta ce har ta fara jin numfashin kowa.

Can Inna Hure ta ce, "Kamilu, kun fuskantar da shi gabas?"

Ya ce, "Mun fuskantar, Inna."

Ta gyara mayafinta, ta ce a shimfiɗa tabarmi a waje, mutane za su zo gaisuwa. Luba ta shiga takaba a ranar. Da ruwa ya sauka aka shuka gonar.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina. Wanda ya yanke wani ɓangare na gaskiya ya nuna saura, shin ya yi ƙarya? Uwa ba ta da haƙƙin ganin ƙarshen ɗanta duka? Na tambayi Tasi'u. Ya ce, "Malam, abin da take son sani ɗaya ne, na nuna mata. Sauran na Badaru ne. Mamaci ma yana son sutura, kuma ba shi da bakin roƙa." Har yau ban ce na gama warware tambayar ba, amma ban sami amsar da ta fi tasa ba.

Yanzu yanar ido ta kama shi, ya ce bana zai ajiye kyamara. Malam Tasi'u, kai ne ka kai wa na nesa gidansu, ka kawo wa na gida kabarin da ƙafarsu ba za ta taɓa zuwa ba. Mai haƙurin jira, mai rufa wa wanda ba ya nan asiri. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya suturta ka duniya da lahira.

Ku kuma matasa masu waya a hannu, da kuke rige-rigen ɗaukar gawa a bakin titi ku watsa kafin dangi su ji, ku je ku zauna da wannan bawan Allah tun yana iya ganin fuskokinku. Ku tambaye shi yadda ake gane inda ya kamata a yanke.