Mai Ƙwai da Tsohuwar Turbo

"Ga ta can kuma, ta zauna."

"A cikin motar?"

"A ciki mana. Ta iso ƙofar gida, ba za ta kashe ta fito ba. Sai ta yi ta ƙona mai kamar a tsakar gidanta ake haƙo shi."

"Wai turbo ce."

"Turbo! A ɗauko ƙwai da turbo? Jiya fa mai keke ya wuce ta a kan titi, har yana waiwayenta."

Mai Ƙwai tana jin su sarai. Gilashin ɓangarenta ba ya rufuwa duka, bencin masu hira kuma yana jikin katangar gidanta. Ba ta ko kalle su ba. Ta ɗora hannu a kan sitiyari tana sauraron injin har ya kwantar da murya, sannan ta murɗa makulli, ta fito, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da fara'ar da ta fi zagi ciwo.

Da kiret ɗaya na ƙwai a ka ta fara, tana goye da 'yarta ta fari. Daga ka ta koma baro, daga baro ta koma hayar mai ƙafa uku. Gonar kajin da take sari tana bayan gari, a saman wani tudu mai ramuka, masu ƙafa ukun kuwa ba ruwansu da abin da suka ɗauko. Su faɗa rami, su taka birki kamar sun ga maciji, kafin a iso gari ƙasan kiret ya zama ruwa. Babban cinikinta gidan burodi ne, shi ke riƙe da tukunyar gidanta da makarantar yara. Ranar da manajan ya ce mata in ta sake makara ko ta kawo fasasshe za su nemi wani, ba gida ta nufa ba, wurin dillalin motoci ta wuce.

Abin da ke ɗaure a bakin zaninta bai kai ko ɗaya daga motocin gaba ba. Dillalin ya yi ta zagaye da ita har suka kai can ƙurya, inda wata mai dogon baya take tsugune a gindin bishiya, fenti ya koɗe, ƙofa ɗaya ma launinta dabam.

"Wannan fa?"

"Hajiya, bar wannan. Turbo ce, kowa gudunta yake. Shi ya sa kika ji ta da araha."

"Ni ma arahar ce ta kawo ni. Buɗe mini bayan."

Ta auna bayan da ido, ta ga kiret zai zauna sahu-sahu ba tare da wani ya hau kan wani a karkace ba. Washegari ta dawo da Bakanike, wanda matarsa ke sayen ƙwai a wurinta. Ya buɗe bonet, ya zare wani tiyo mai kauri, ya zura yatsa yana girgiza wata 'yar fanka da ke ciki. Ya sa dillali ya taka totur, shi kuma ya tsuguna a bakin salansa yana kallon hayaƙi.

"Da sauran ranta," ya ce yana goge hannu. "Amma tsohuwa ce mai sharaɗi. Baƙin mai mai kyau, a kan lokaci. Da safe ki bar ta ta ɗumama. In kin dawo daga tafiya kada ki kashe nan take. Wannan 'yar fankar ita ce turbon, gudu take kamar me, ga zafi, kuma sai inji na aiki baƙin mai ke isa gare ta. Ki bar ta ta huce tukuna."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, amma yawancin maza ba sa iyawa."

"Na yi renon yara, na yi jinyar uwar miji. Jira ba baƙona ba ne."

Mijinta Tela ne, mutum mai sanyin magana, wanda ko wando zai yanka sai ya auna ya sake aunawa. Da ya ga motar a ƙofar gida sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya ce, "Uwar yara, wannan ai ta girmi aurenmu."

"Auren ma ai yana tafiya, Malam."

Ta koyi tuƙi a tsakiyar yara sa'annin 'ya'yanta, ta faɗi gwaji, ta koma, ta ci. A cikin gari tafiyar hawainiya take yi saboda kayan da ta ɗauko, masu babur na yi mata oda tana ɗaga musu hannu su wuce. Amma a gindin tudun nan, in ta ɗan danna ƙafa, sai wani siririn fito ya taso daga ƙarƙashin bonet, motar ta miƙe ta haye kamar ana jan ta da igiya daga sama. Nan kaɗai take dariya ita ɗaya. Ƙwai ya daina fashewa, gidan burodi ya ƙara mata oda, har wasu masu shago suka fara kiran ta da kansu.

Ana haka 'yarta ta fari ta haihu a wani gari, aka yi mata aiki, dole uwa ta je ta zauna da ita. Ciniki kuma ba ya jira. Ƙanin Tela direban bas ne, kowa Direba yake kiran sa, a lokacin motarsa na kwance a gareji. Shi ta ba makulli, ta tsaya tana jera masa sharuɗɗan Bakanike.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Matar Yaya, ni za ki koya wa mota? Ina kan titi tun kina tallan kiret ɗaya."

"Na sani, ƙanina. Ka dai bar ta ta huce kafin ka kashe."

"Je ki gaishe mana da jika."

Direba ba mugu ba ne, kuma ƙwai ɗaya bai fasa ba. Sai dai yana da tarbiyyar tsofaffin direbobi da ya gada wurin ubangidansa. In zai kashe mota sai ya taka totur ta yi ƙara, vuum, ya murɗe makulli a tsakiyar ƙarar, wai a bar mata mai a maƙogwaro don gobe ta tashi da wuri. In ya kai kan tudu da zafinta, haka. In ya dawo gida, haka. Da ya ga baƙin mai ya ragu sai ya tsaya a bakin hanya aka ɗura masa na kwalba mai araha. Masu benci har yaba masa suke, suna cewa yanzu motar ta sami namiji.

Ranar da Mai Ƙwai ta dawo, tun daga bakin layi ta hango shuɗin hayaƙi ya tokare ƙofar gidanta. Fiton nan ya koma kuka irin na kare da aka taka wa wutsiya. Ta ajiye jaka a ƙasa, ta miƙa hannu ta taga ta zare makullin, Direba na zaune a ciki.

Bakanike ya zo ya zura yatsa a inda ya taɓa zurawa, ya girgiza kai.

"Ta tafi. Kada wanda ya sake tayar da ita. In fankar ta farfashe, gutsattsarin suka shiga inji, to sai dai a sayar da ita a kilo."

"Akwai gyara?"

"Akwai wata ta hannu wurin abokina, daga motar da ta yi haɗari aka ciro. Na duba ta, lafiyarta lau. Sai dai ba kyauta ba ce."

Da ya faɗi kuɗin, Tela ya zauna a kan dakali. Da yamma ya karɓi makullin a hannunta cikin lallami, ya jefa a aljihun keken ɗinkinsa, ya ce a bari hankali ya kwanta. Ita kuwa ta koma hayar mai ƙafa uku, ƙwai ya koma fashewa, manajan gidan burodi ya koma kallon agogo in ta shigo. Ya ce mata zai yi haƙuri zuwa ƙarshen wata saboda tsohuwar hulɗa, daga nan kuma kada ta ga laifinsa.

Wata safiya tana wanke kiret a tsakar gida ta ji muryoyi a waje. Ta leƙa, ta ga Direba da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, igiya a kafaɗarsa, yana ƙwanƙwasa jikin motarta da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana. Tela na tsaye gefe, abin awo rataye a wuyansa.

Ta fito hannunta na ɗigar ruwa. "Lafiya?"

"Lafiya lau, matar Yaya," in ji Direba. "Taimakon ki muke. Tun farko motar nan ruɓaɓɓiya ce, an cuce ki ne. Gara a karɓi abin da ya samu."

"Ruɓaɓɓiya? A hannuna ta yi shekara tana hawa tudu da kaya. A hannunka ko jego 'yata ba ta gama ba."

Wani cikin masu benci ya yi tarin da ba na mura ba.

Tela ya matso. "Uwar yara, ba a tsakiyar titi ba. Ni tsoro nake ji. Yau turbo, gobe wani abu. Motar nan za ta cinye mu."

"Malam, wa ya ci wani? Kuɗin makarantar bana daga ina ya fito? Daga bayan motar nan ya fito. In ta tafi, gidan burodi ya tafi, ni kuma na koma baro da furfurata. Ba zan koma ba."

"To kuɗin gyaran fa?"

"Ka shiga kicin yau?"

Ya girgiza kai.

"Firizata ba ta nan, na sayar. Jiya kana masallaci aka zo aka ɗauka. Kuɗin na hannun Bakanike, turbon ma tana garejinsa. Mu sha ruwan tulu, ba mu mutu ba da can."

Mai sayen ƙarafa ya gyara igiyarsa. "Hajiya, in ƙara miki wani abu a kai mana."

"Bawan Allah, an wahalar da kai. Wanda ya kira ka ba shi da ko madubi a jikinta. In ƙarfe kake nema, ga bas ɗinsa can kwance a gareji, ta fi wannan nauyi."

Wannan karon masu benci ba su iya riƙe dariya ba. Mutumin ya dubi Direba, ya yi tsaki, ya kama hanyarsa.

Tela ya daɗe a tsaye yana murza abin awon da ke wuyansa. Can ya juya ya shiga shago. Aka ji ƙarar aljihun keke, ya fito ya sa mata makullin a tafin hannu.

"Firiza sukutum, ko shawara babu," ya ce a hankali.

"Kai ma da za a sayar da mota ba ka neme ni ba. Mun yi canjaras."

Ta shiga, ta murɗa makullin iya inda sitiyari zai saki, ba ta tayar ba. Ta cire giya, ta sauke birkin hannu. Garejin Bakanike yana can ƙarshen layi, hanyar kuma da ɗan hawa. Direba ya fara ja da baya yana lalubar waya a aljihu kamar ana kiran sa. Ta leƙo da kai ta taga, ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen benci zai ji.

"Ƙanina, ina za ka? Kai ne ka san mota a gidan nan. Don Allah naɗe hannun rigarka, ka zo ka tura ni zuwa gareji."