Sun Kwance Dawakinka Kana Kallo, Yaya Sa'idu

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Mayu 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran yayana, Alhaji Sa'idu Mai Dawaki, a gidansa da ke Madarunfa, bayan doguwar jinya. Ni ce ƙanwarka Atika, Yaya, wadda ta yi jinyarka har ƙarshe.

Masu gaisuwa sun cika ƙofar gida suna yabonka, kuma ba su yi ƙarya ba. Shekarar da damina ta yanke, kai ka buɗe wa mutanen Safo rumbunanka, ka ce kada a tambayi kowa ɗan wane ne shi. Rijiyoyinka ne suka hutar da matan garin Sarkin Yamma tafiyar neman ruwa.

Fataucin kan iyaka ya ba ka dukiya, amma zuciyarka tana barga. Guguwa, ingarman da ka sayo daga Sudan, ya ci sukuwa a Maraɗi da Yamai, kuma da hannunka kake ba shi harawa, ka ja shi zuwa tafki wanka. Ranar da mahayinka Sule ya faɗo ya karye a ƙugu, ka bar kyautar a fili ka bi shi asibiti. Bai sake hawa ba, amma gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba.

Sai hawan jini ya kayar da kai. Ɓarin jiki ya shanye, baki ya mutu. Kullum da hantsi nakan sa a fito da kai kan kujera, a ajiye ka inda za ka hangi dawakinka.

A nan kake zaune ranar da 'ya'yanka, Abdul Aziz da Al'amin, suka shigo da masu sayen dawaki daga garin Ɗan Issa, da kamyo, babbar motar kaya, biye da su. Na ce, "Ku ji tsoron Allah, ku bari ƙasa ta rufe idonsa."

Abdul Aziz ya ce, "Gwaggo, Baba ba ya gane komai yanzu. Dawakin nan ci kawai suke yi."

Guguwa ya ƙi hawa kamyon. Suka yi ta zuba masa bulala har gadon bayansa ya fashe. Kai kuma kana dukan kujera da hannun da ya rage maka, hawaye na sauka cikin gemunka. Al'amin ya zo ya juya kujerar ta fuskanci bango.

Daga ranar ka daina buɗe baki idan na kawo kunu. Bargar kuwa sun zuba siminti a ciki, sun mayar da ita wurin ajiyar kaya. Ranar jana'izarka na ji Abdul Aziz yana ba baƙi labarin yadda kake son dawaki, har yana share ido.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa abin da ka haɗiye ya zama kaffara, ya shayar da kai kamar yadda ka shayar. Ina yi wa matarka Hajiya Ruƙayya ta'aziyya, da Sule, da duk wanda ya ci geronka. Ku kuma 'ya'yansa, Allah ya shirye ku, ya ba ku 'ya'yan da suka fi ku tausayi, domin tsufa yana hanya.