'Yar Farin Da Ba A Ƙirga Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da 'yan'uwa ke rubutowa a wannan shafi, wani in yi dariya, wani in ajiye mujallar in share hawaye, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa. Lokacin da abin ya faru, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ni ƙaramar matar aure ce mai goyo, a wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore. Gidanmu gidan gandu ne, mijina da ƙannensa suna noma ƙarƙashin mahaifinsu, ga 'yan shanu a bayan gida. Ko harafi ɗaya na boko ban sani ba, wannan rubutun ma sai da furfura ta fara leƙo ni na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Abin da na ƙware a kai shi ne kunya. Ba na haɗa ido da surukina, ba na cin abinci inda zai gan ni, kuma ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Tun da aka yaye ta take kwana a ɗakin kakarta, uwar mijina. In zan aike ta sai in ce ke, in ana maganarta in ce waccan, in kuwa baƙo ya tambaya sai a ce masa 'yar tsohuwa ce. Ubanta ma haka, ko a hanya suka haɗu sai ya kau da kai kamar bai san daga inda ta fito ba.

Makarantar firamaren garinmu ba ta daɗe da kafuwa ba. Ɗakuna biyu ne na ƙasa da rufin kwano, sauran yara a gindin ɗorawa, da hedimasta da malami ɗaya. Dattawa ba su ba da 'ya'yansu ba, sun ce kiwo da noma sun ishe su. Samarin magidanta irin su mijina ne suka yarda, su kuwa yaransu da suka isa shiga makaranta kusan duk 'ya'yan fari ne, sauran suna baya ko suna rarrafe. Ku riƙe wannan, don nan gizo ya yi saƙar. Yarinyar tawa tana aji uku, kuma Allah Ya ba ta kai. Ga surutu kamar an kunna rediyo. Duk abin da aka koya musu sai ta zo tsakar gida ta zazzage wa kakarta shi da ƙarfi, ni kuwa ina bakin murhu na juya baya, wai ban ji ba, alhali ko tuwo zai ƙone ba na motsawa sai ta gama. Kakar ta san haka, shi ya sa takan sa ta maimaita, ta ce wai kunnenta ya yi nauyi.

Ta haka na ji sanarwar dogon hutu ta shekarar. Ranar da aka rufe makaranta hedimasta ya tara yara da iyaye maza ya karanta musu abin da ofishin ilimi ya aiko, ita kuma ta kawo mana shi gida tiryan-tiryan, har da yadda yake gyara murya. Ta ce za a koma bayan marka ta ɗauke. Ta ce malamai za su tafi kwas, za a zo yin allurar rigakafi, za a yi gayya a yaɓe bangon da ruwa ya ci, kuma 'yan aji uku za su riƙa zuwa noman gyaɗar gonar makaranta. Na ƙarshe shi ya fi faranta mata rai. Wai cikin hutun baƙi za su zo daga ofis su ƙirga yara, garin da aka samu da yawa a ƙara masa ɗaki da bencina, wanda aka samu kaɗan a haɗe makarantarsa da ta wani gari. Ta ce su ai sun fi tumaki yawa, ita dai a bencin gaba za ta zauna. Kakar ta ce da wannan ƙazamin kan nata wa zai bar ta a gaba, suka yi ta tsokanar juna. Ni ma na yi murmushi a cikin hayaƙi, ban san abin da ke tafe ba.

Baƙin sun zo da hantsi a kan babur, su biyu, ranar da kakar ta tafi da yarinyar bikin suna a wata ruga can ciki. Hadari ya haɗu a gabas, suna sauri kada rafi ya kawo ya tsare su. Aka buga wa maza kira daga gonaki, suka taru a ƙofar gidanmu, don surukina ne mai unguwa. Tsakanina da su darni ne kawai, ina zaune da ƙwaryar tsaba a cinya ina jin komai. Babban cikinsu ya yi bayani cikin ladabi. Ya ce an gano a wasu wurare ana cika rajista da sunayen yaran da babu su, don haka an umarce su kada su karɓi adadi daga malamai, sai daga bakin uba. Kowane magidanci ya faɗi yaransa na cikinsa da ke makaranta, ban da jika, ban da ɗan riƙo, don kada a ƙirga yaro sau biyu.

Tun daga mutum na farko gabana ya faɗi. Maƙwabcinmu ne, ɗansa na fari ajinsu ɗaya da yarinyar tawa, ga mahaifinsa zaune a kan buzu yana kallonsa. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce shi nasa ba su tasa ba tukuna. Na biyu ya ce ƙaramin ne kawai, na aji ɗaya. Na uku dariya ya yi, ya ce shi ai yaro ne, ina ya ga 'ya'ya. Dattawa kuma da aka juyo kansu suka ce su nasu sun yi gemu. Na ji hedimasta ya nemi izini, ya ce ranka ya daɗe waɗannan mutane kunyar ɗan fari ce ke hana su, a bari ya kira yaran a gan su da ido. Baƙon ya ce ya san al'adar, shi ma mahaifiyarsa har ta rasu ba ta kira sunansa ba, amma yaran sun watsu kiwo da gona, shi kuma abin da uba ya furta aka ce ya rubuta. Ya ma sassauta, ya ce ba sai an ambaci suna ba, adadi kawai yake so.

Da aka zo kan mijina na ajiye ƙwaryar. Na san shi, mutum ne da ko tari ba ya yi da ƙarfi a gaban mahaifinsa. Aka tambaye shi, ya yi shiru. Aka sake tambaya, ya ce nasa ɗaya yana goye, ɗaya bai isa ba. Baƙon ya ce ya tabbata babu wani? Na ji shirun nan har cikin ƙashina. Surukina yana nan, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, amma shi dama boko bai dame shi ba, sai ƙarar carbinsa nake ji. Wallahi na miƙe, na kai hannu jikin darnin, bakina a buɗe. To me zan ce? In ɗaga murya a taron maza, a gaban surukina, in ce ina da 'ya, 'yar da ban taɓa amsa cewa tawa ce ba ko a tsakanin mata? Da na yi, da ranar an ce na haukace, kuma ba bakin uwa aka ce a rubuta ba. Na duba gidan ko akwai wanda zan tura, babu kowa sai matan ƙannen mijina, su ma sun yi tsuru-tsuru. Ina tsaye har na ji an tayar da babur, yayyafi ya fara sauka a kan tsabar da na bari a buɗe.

Da kakar ta dawo ta ji, ba ta ko kwance ɗaurin kayanta ba ta shiga faɗa. Ta wanke ɗanta tas, ta wanke mijinta, ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, su duka da rawunansu an rasa mai baki. Ita kaɗai ce a gidan ke da ikon faɗin sunan yarinyar, ta yi ta faɗinsa kuwa kamar mai shela. Ranar kasuwa ta bi hedimasta suka hau motar itace har ofis. Aka karɓe su da mutunci, aka ba ta kujera, aka ce a yi haƙuri, an riga an tura sakamako gaba, sai dai in an sake zagayowa. Ihu bayan hari ke nan. Ni ina gida, ba ni da ƙafar zuwa, ba ni da bakin tambaya. Ko da ta dawo, sai daga yadda ta jefar da takalmanta na gane.

Yarinyar ba ta san komai ba. Duk hutun nan ba ta fasa zuwa noman gyaɗar makaranta ba, har gayyar yaɓe aka yi da ita tana ɗibar ruwa. Ana saura kaɗan a koma sanarwa ta biyu ta zo, aka karanta a ƙofar masallaci bayan Juma'a. An haɗe makarantarmu da ta babban gari, malaman an mayar da su can. Babban garin yana hayin rafi, tafiya ce mai nisa ta cikin daji, rafin kuma ya sha cin mutane. Yara maza 'yan ƙalilan suka jure zuwa. Mata kuwa surukina ya ce ba za a kai masa jika bakin ruwa ba, kuma a nan ban ga laifinsa ba. Ranar komawa yarinyar ta wanke yunifom ɗinta ta sa, ta tafi ta zauna a gindin ɗorawa ita da wasu yara har azahar. Da ta dawo ba wajen kakarta ta nufa ba, wajena ta zo, abin da ba ta saba ba. Ta ce an gaya mata an ƙirga kowa, ita ba a ƙirga ta ba, shin ita ba 'yar gidan nan ba ce? Na ci gaba da tankaɗe, na ce ta je ta tambayi kakarta. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba, bakina toshe da zani.

Ba a sake zagayowa ba sai bayan shekaru, lokacin ɗakunan sun zube, an kwashe kwanon. Yau akwai makaranta a garin, jikokina na ciki. Ita kuwa karatunta ya tsaya a aji uku. Tana da gidanta da rufin asirinta, amma in aka ba ta katin asibiti wajena take kawowa, ni da na koya da tsufa, in karanta wa wadda ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Abu ɗaya na lura, ɗanta na fari da sunansa take kiransa, da ƙarfi, a gaban kowa, mata na salati tana ƙarawa.

Ban rubuto don in zagi kunya ba, da ita aka raine ni kuma na ga amfaninta. Amma na koyi cewa akwai ranar da shiru ke zama shaida, a rubuta shi, ya yi aiki a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Iyaye, in an aiko sanarwa daga makaranta ku zauna ku tauna ta tun kafin ranar, ku san wa zai yi magana. In bakinku ba zai iya ba, ku ajiye kaka ko gwaggo a kusa. Ku kuma ma'aikata da ake turawa ƙauyuka, ku dubi gaban wa kuke tambayar mutum, ku ja shi gefe in ta kama. Duk wanda aka tambaye shi 'ya'yansa a inda amsar za ta amfane su, ya daure ya fara ƙirgawa daga na farin. Ni tawa tana nan da ranta, ta haifi shida, har yau in ta yi sallama ke nake ce mata.